Yadda mai ƙaramar sana'a zai fito a intanet ba tare da ya saki abin da ya iya ba

Ka leƙa shagon tela a goman ƙarshe na azumi. Shaddoji sun taru a kan tebur, kowacce da 'yar takardar awo an maƙala mata da allura, janareta na ruri a bakin ƙofa yana shan fetur. Maigidan shago, wanda shi kaɗai ya iya yanka a wurin, yana zaune a kan benci da waya a hannu, yana amsa "nawa ne wannan?" karo na arba'in. Yara biyu sun zuba masa ido suna jiran ya yanka musu su hau keke. Cikin masu tambayar, wataƙila biyar ne za su kawo yadi. Shi kuwa wanda ya biya kuɗinsa tun farkon azumi, zai zo daren sallah ya tarar da kayansa a naɗe yadda ya kawo su.

Irin wannan asara ba ta fita daga aljihu a gani, shi ya sa ba a lissafa ta. Hannun da ya kamata ya riƙe almakashi shi ne ya riƙe waya. Wannan jagora ta ɗauki tela a matsayin misali, amma mai turaren wuta da humra, mai kilishi, mai gyaran waya, da mai cincin da dubulan a cikin gida, kowa zai iya ɗora ta a kan tasa sana'ar. Tsarin matakan yana da dalili: sai an san abin da za a nuna wa duniya sannan a buɗe ƙofar da za a nuna shi.

Mataki na farko: gano abin da ake zuwa wurinka dominsa

Wannan aiki ne na biro da littafi, babu ruwansa da data. Ɗauko littafin shago ka duba ayyukan wata uku da suka wuce. In ba ka ajiye littafi, fara yau, ka jira wata ɗaya kafin ka yanke hukunci. Kowane irin aiki ka rubuta masa abu huɗu: nawa ake biya, nawa yake ci, awa nawa yake ɗauka, sau nawa ake dawo da shi gyara.

Ga misali da alƙaluman da aka ɗauka don lissafi kawai, kai ka sa naka. Kaftani da wando kuɗin ɗinki 12,000. Zare, maɓalli, sitif, fetur da ladan yaro sun ci 4,000. Saura 8,000, aikin kuma awa huɗu ne, ke nan kowace awa ta ba ka 2,000. Doguwar rigar mata kuɗinta 15,000, ta ci 5,000, saura 10,000. A ido ta fi kaftani riba. Amma ba hannunka ba ne, sai ka yi awa bakwai a kanta, a dawo da ita gyara ka ƙara uku. Awa goma ke nan, kowace awa 1,000. Rabin abin da kaftani ke bayarwa, ga ɓacin rai a kai.

Yawancin masu sana'a ba su taɓa yin wannan lissafi na awa ba, suna kallon kuɗin da ya shigo hannu kawai. Lokacin gwani shi ne jarin da ya fi tsada a ƙaramin shago, domin yadi ana saro shi a Kantin Kwari, fetur ana saye a gidan mai, amma awannin yini ba a ƙara su.

Bayan lissafi, ka tambayi tsofaffin abokan cinikinka guda goma, waɗanda suka dawo sau uku ko fiye: "Me ya sa kake kawo min aiki?" Kada ka ba su amsa a baki. Abin da ya maimaitu shi ne ƙarfinka. Sau da yawa ba abin da kake zato ba ne. Kana tsammanin sabon salo ne, su kuma su ce wuyan rigarka ba ya tashi, ko kuma in ka ce Alhamis to Alhamis ɗin ce.

Daga nan ka haɗa jimla ɗaya da yaro ma zai iya maimaitawa. Misali: "Ɗinkin kaftani da babbar riga na maza, a Kano, cikin kwana bakwai." Wannan jimla ita za ta zauna a kan duk wani shafi naka. Ka gwada ta da irin wadda aka saba gani: ɗinki, sayar da data, takalma, turare, atamfa da tallan fili, duk a shafi ɗaya. Wanda ya ga haka ba zai tuna ka da komai ba ranar da yake neman tela. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida.

Sauran ayyukan da ba hannunka ba fa? Kada ka kori mai kawo su da baki. Ka nemi wanda ya ƙware a kansu, ku yi yarjejeniya: kai ka tura masa ɗinkin mata, shi ya turo maka na maza, ko ku yanka la'ada a kan kowane aiki. Abu ɗaya dai, ka tabbatar da hannunsa kafin ka tura masa mutum, domin in ya ɓata, sunanka ne zai fara fitowa a bakin mai kaya.

Mataki na biyu: layi, suna da asusu

Sayi layin waya na sana'a daban da naka na gida, kuma ka yi masa rajista da lambarka ta NIN, kai da kanka. Kada ka karɓi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, kada kuma ka bar yaron shago ya yi da sunansa. Ranar da wayar ta ɓace, wanda sunansa ke kan layin shi kaɗai kamfani zai ba sabon kati. Ka riƙa sa masa kuɗi kana kira da shi lokaci zuwa lokaci, domin layin da ya daɗe a ajiye kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani, kuma wanda ya saya zai iya buɗe WhatsApp da lambar da duk abokan cinikinka suka sani.

Suna ya zama ɗaya a ko'ina: allon shago, WhatsApp, Facebook, leda, rasit. Gajere, mai sauƙin faɗa a waya, mai sauƙin rubutawa. Kafin ka buga allo, ka bincika sunan a Facebook da Instagram ka ga ko wani ya riga ka, sannan ka duba a shafin hukumar CAC, wadda ke rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci a Najeriya. Rajistar sunan kasuwanci ta intanet ake yinta, ana buƙatar NIN, hoto, sa hannu da sunan da kake so, kuma yana da kyau ka tanadi na biyu ko da an ƙi na farko.

Amfanin rajistar a nan shi ne asusun banki mai sunan sana'ar. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane suka saba da tiransifa, amma har yanzu wanda bai taɓa ganinka ba yana ɗar-ɗar. In shafinka na ɗauke da suna ɗaya, asusun da ka tura masa kuma ya fito da sunan wani ƙaninka, da yawa a nan suke janyewa ba tare da sun ce komai ba. Mai sayar da abinci ko kayan shafawa da ake ƙullawa a kwalba ko leda da tambari kuma, lambar NAFDAC na jiransa idan kayan za su shiga kantuna, gara ya fara bin hanyarta da wuri.

Mataki na uku: WhatsApp Business, a shirya shi sosai

A nan ya kamata ka zauna ka ɓata yini guda, domin a nan ciniki ke faɗawa. Manhajar kyauta ce, ta fito tun 2018, kuma daban take da WhatsApp na kullum. Za ka iya ajiye su biyun a waya ɗaya muddin kowacce da lambarta.

Fara da lambar sirri kafin komai. Shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification, ka sa lamba shida da kai kaɗai ka sani, ka haɗa da adireshin imel da kake iya buɗewa. Hanyar da ake ƙwace WhatsApp ɗin 'yan kasuwa sananniya ce: wani ya kira ka da ladabi, ya ce daga zauren ƙungiyar teloli ne ko masu rabon tallafi, an turo maka wata lamba shida ta saƙon tes, ka karanto masa. Wannan lamba ita ce mabuɗin asusunka. Da ka faɗa, in ba ka sa waccan lambar sirrin ba, ya shige, ya fara bin abokan cinikinka yana karɓar kuɗi da sunanka. Babu wani mai gaskiya da zai nemi lambar nan, ko da muryarsa ta yi kama da ta wanda ka sani.

Sai bayanin shago: suna, jimlar nan taka ɗaya, lokacin buɗewa da rufewa, da kwatance irin wanda ɗan adaidaita sahu zai gane. Hoton fuskar shafin ya zama tambarinka ko aikinka mafi kyau.

Sai katalog, wato jerin kaya. Yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotuna har goma, amma kada yawan ya ruɗe ka. Goma zuwa goma sha biyar sun isa, duk daga cikin abin da ka zaɓa a matakin farko. Kowanne ka ba shi lamba, K1, K2, K3, yadda mai saye zai ce "K4 nake so" a wuce wurin. Ka rubuta yadi nawa yake ci, kwana nawa yake ɗauka, da farashi.

Batun farashin nan yana buƙatar tsayawa. An saba da "zo inbox" don tsoron kada maƙwabci ya gani ya karya kuɗi, ko don a samu damar ciniki. Amma maƙwabcinka ya riga ya san farashinka, yaronsa ma zai iya tambaya. Ɓoyewar kai take cuta: ita ce ta haifi "nawa ne?" arba'in ɗin nan. Farashi a fili yana sallamar wanda ba zai iya ba tun kafin ya ci maka lokaci. In tsoronka tashin kaya ne, rubuta "daga 12,000", ka riƙa sabuntawa ranar ɗaya ga kowane wata.

Sai amsoshin da aka tanada, waɗanda manhajar ke kira Quick replies. Ka rubuta amsa sau ɗaya, ka ba ta gajeren suna, duk lokacin da ka danna alamar / sai ta fito. Guda biyar sun wadatar da farko: farashi, lambar asusu, kwatancen shago, yadda ake ɗaukar awo, da ƙa'idar aika kaya. Na awo ya zama dalla-dalla: tsawon riga daga kafaɗa, faɗin kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, tsawon wando, ƙugu, ƙafa, duk da inci. Mafi aminci ga wanda ke nesa shi ne ya shimfiɗa rigar da ta yi masa daidai ya auna ta, ko ya aiko da ita tare da yadin. Mutum in ya auna jikinsa da kansa yakan ja tef ya matse, riga ta fito ba ta shiga.

Akwai saƙon maraba da ke tafiya da kansa ga wanda ya fara yi maka magana, ko wanda ya yi kwana 14 bai yi ba. Ka sa sallama, mahaɗin katalog (wato link ɗin da in an danna yake buɗe shi), da lokacin da kake amsa saƙo. Akwai kuma saƙon "ba na kusa" da za ka saita wa lokutan aiki da dare. Da yake da yawa daga cikin masu saye sun fi son saƙon murya, ka ɗauki muryarka sau ɗaya kana bayanin farashi da ƙa'ida cikin minti guda, ka ajiye, ka riƙa turawa.

Alamomi masu launi su ne littafin cikin waya: sabon tambaya, ya ba da kafin alƙalami, ana kan aiki, an gama, an aika, saura kuɗi. Kowace hira ka maƙala mata nata. Da safe ka buɗe "an gama" ka san wa za a kira.

Mahaɗinka kai tsaye shi ne wa.me/ sai 234 sai lambarka ba tare da sifilin farko ba. Wanda ke Nijar zai sa 227. Kuskuren da ake yawan yi shi ne barin sifilin ko sa alamar tarawa da tazara, sai mahaɗin ya ƙi buɗewa. Ka gwada shi a wayar wani kafin ka buga a allo ko leda.

Abu biyu da ake yawan jahilta. Sitatus na kwana ɗaya ne, awa 24, kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka kai ma ka ajiye tasa. Haka jerin aika saƙo ga jama'a, wato Broadcast, mai ɗaukar mutum 256, ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba. Saboda haka duk wanda ya karɓi kaya ka ce masa, "Alhaji, a taimaka a ajiye lambar nan." A sitatus kuma uku zuwa biyar a yini sun isa. Mai ɗora talatin a jere, mutane kan toshe sitatus ɗinsa su huta. Kada kuma ka jefa mutane cikin zaure ba da izininsu ba, ko ka riƙa tura talla ga lambobin da ba su san ka ba. In ƙorafi ya yi yawa a kanka, kamfanin na rufe lambar, katalog da hirarraki duk su tafi.

Hoto

Gani ya kori ji, kuma a intanet hoto ne kaɗai mai saye ke da shi a madadin taɓa yadi. Ba sai da babbar waya ba. Goge gilashin kyamara da gefen riga mai laushi, domin maiƙon yatsa shi ke sa hoto ya yi hazo. Ɗauki hoton da hantsi ko bayan la'asar, a inuwa kusa da ƙofa, haske na zuwa daga bayanka yana faɗa wa kayan. Tsakar rana tana ƙone farar shadda har aikin wuya ya ɓace, fitilar waya kuma tana sa sheƙi ya yi ƙarya. Farin kwan lantarki na shago yakan mayar da ruwan madara fari, ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi.

Bango ya zama fili, launi ɗaya. Yadi biyu na farin ƙyalle ko ruwan toka da aka kafa da ƙusa sun isa. A goge rigar, a rataye ta a kan gunkin nuna kaya ko hanga mai kauri. Kowane aiki hoto uku: gaba ɗayansa, wuyan daga kusa yadda za a ga tafiyar zare, sai cikin rigar a ga yadda aka kashe bakin ɗinki. Na ukun nan shi ne wanda masu sanin kaya ke dubawa, kuma kaɗan ne ke nuna shi. Mai turare ta nuna kwalbar a tafin hannu ko kusa da akwatin ashana, don a san girmanta, ta rubuta nauyi ko mililita.

Kada ka sa wa hoto tacewa, wato filter, da ke sauya launi. Abin da ta ƙara maka a yabo za ta karɓe a rigima ranar da kaya suka isa. Kada kuma ka ɗauko hoton aikin wani ka ce naka ne. Wanda ya zaɓi wannan hoton shi yake jira, in ka kawo wani abu daban ka ci amanarsa, kuma zai nuna wa mutane hotunan biyu gefe da gefe. Hoton abokin ciniki sanye da kayan yana da ƙarfi ƙwarai, amma sai da izininsa a bayyane, musamman mata da yara. In an yarda da kaya ba a yarda da fuska ba, a yanke daga wuya.

WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau. In za ka tura wa wanda zai zaɓi launi ko ya duba aiki, danna alamar HD, ko ka tura shi a matsayin takarda, wato Document.

Mataki na huɗu: ƙofa ɗaya ta baƙi

WhatsApp na waɗanda suka riga suka san ka ne. Baƙo kuma yana buƙatar inda zai yi tuntuɓe da kai. Zaɓi wuri ɗaya tak, ka riƙe shi wata uku kafin ka yi tunanin na biyu. Hanyar zaɓa mai sauƙi ce: ka tambayi mutum goman nan wace manhaja suka fi buɗewa.

In kana da shago da ake zuwa, fara da taswirar Google. Kyauta ne, ana kiransa Google Business Profile. Ka tsaya a ƙofar shagon da wayarka lokacin da kake dasa alamar wurin, domin yawancin lungunanmu ba su da lambar gida da taswira ta sani, in ka rubuta sunan unguwa kawai sai ta jefa ka tsakiyar titi. Sau da yawa za su nemi ɗan bidiyo da ke nuna allon shago, titin, da kayan aiki, don tabbatar da kai ne mai wurin, saboda haka allon ya riga ya hau. Sa lokutan aiki na gaskiya, har da rufewar sallar Juma'a. Mai sana'a a cikin gida tana iya ɓoye adireshi ta nuna yankin da take kai kaya kawai, kuma haka ya fi mata tsaro. Duk wanda ya ji daɗin aiki ka roƙe shi ya rubuta layi biyu a wurin.

Facebook ya fi dacewa da mai neman magidanta da masu karanta Hausa. Ka buɗe shafin kasuwanci, kada ka yi amfani da asusunka na kanka inda ake gardamar siyasa da ƙwallo. Instagram na kayan da ido ke saye ne, ɗinki, lalle, kayan ɗaki, kuma ta nan masu oda daga Abuja da Legas suka fi biyowa. TikTok na son bidiyo, kuma sana'ar hannu tana da abin nunawa: almakashi na ratsa shadda, allurar surfani na zagaya wuya, daƙiƙa ashirin sun isa. Sai dai yawan kallo ba ciniki ba ne, kuma ita ce ta fi cin lokaci.

Shafin intanet na kanka mai adireshi irin .com.ng fa? Yawancin ƙananan shaguna ba su kai nan ba tukuna. Akwai kuɗin suna da na masaukin da ake ajiye shafin a intanet duk shekara, ga wanda zai riƙa sabunta shi. Shafin da farashinsa na bara ne ya fi rashinsa muni. Lokacinsa na zuwa idan ka fara neman kwangilar makarantu ko kamfanoni, ko kaya suka yi yawan da hira ba za ta ɗauka ba. Ranar da za ka yi, sunan shafin a yi masa rajista da imel ɗinka, ba na wanda ya gina maka ba.

Kuɗi da aika kaya

Ƙa'idar ta zama a rubuce, kowa ita za a tura masa. Kafin alƙalami ya rufe kuɗin kayan aiki gaba ɗaya, rabin kuɗi ko sama da haka, cikon kuma kafin kaya su bar shago. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna a asusu. Masu alat na bogi sun fi zuwa da gaggawa, da magariba ko lokacin da sabis ke wahala, suna cewa mota za ta tashi. Wanda ya ce ya turo fiye da kuɗin bisa kuskure a mayar masa da ragowa, shi ma sai ka ga kuɗin da idonka.

Wajen aikawa ta tasha, irin su Unguwa Uku a Kano ko Jabi a Abuja, ka sa kayan a leda biyu saboda ruwa da ƙura, ka naɗe da salatif, ka rubuta sunan mai karɓa da lambarsa da babban alƙalami a jiki. Ɗauki hoton ƙullin, karɓi lambar direba da lambar mota, tura wa mai kaya nan take. Ku yi magana tun farko a kan wa zai biya kuɗin mota, domin rigimar da ta fi yawa ke nan. Kwalbar humra a ɗaure murfinta da salatif, a sa ta a leda ita kaɗai, a cusa takarda kewaye da ita cikin kwali. Ɗaya in ta zube ta ɓata sauran.

Wa zai riƙe wayar

Nan ne maganar farko ta dawo. Ka yanka wa waya lokaci uku a yini: minti talatin da safe kafin a tayar da keke, talatin bayan azahar, talatin bayan isha'i. Saƙon maraba ya faɗi waɗannan lokutan, mutane na haƙuri in sun san yaushe za a amsa. Hotunan mako kuma a ɗauke su rana ɗaya. Manhajar Meta Business Suite kyauta ce, tana ba ka damar jera abin da zai fita a Facebook da Instagram na kwanaki masu zuwa, kowanne da ranarsa.

In saƙonni sun fi ƙarfin awa ɗaya da rabi, lokacin ba wani ya yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙani, ɗa, ko yaron shago mai natsuwa da iya magana. WhatsApp Business na ba da damar haɗa wasu na'urori har huɗu da lamba ɗaya, saboda haka shi ya yi aiki da tasa wayar, katin layin na hannunka, kuma kana iya cire shi duk lokacin da ka so. A Facebook ma ka ƙara shi a matsayin mai taimakawa da iyakantaccen iko, kada ka ba shi kalmar sirrinka. Ka rubuta masa iyakarsa: yana faɗin farashi, yana karɓar awo, amma ba ya rage kuɗi, ba ya sa ranar karɓar kaya sai ya tambaye ka, kuma asusu ɗaya ne ake turawa. Ka biya shi, ko albashi ko wani abu a kan kowace oda. Aikin kyauta ba ya daɗewa.

Tallan kuɗi

Kada ka fara shi sai katalog da amsoshi sun kammala, in ba haka ba ka sayi mutane ka kawo su ƙofar da ba kowa. Gwaji ƙarami ya isa: hoto ɗaya mafi kyau, garinka kaɗai, maɓallin da ke kai mutum WhatsApp. A ce 3,000 a yini har kwana biyar, 15,000 ke nan, da harajin VAT na kashi 7.5 ya zama 16,125. In oda huɗu suka fito, kowacce ribarta 8,000, ka samu 32,000, tallan ya biya kansa. In ɗaya ce, ka tsaya ka duba hoton da farashin kafin ka ƙara sisi. Mabiyan saye kuwa asarar kuɗi ce tsantsa, lambobi ne da ba sa ɗinka riga. Masu tallata kaya a shafukansu ma ka tambaye su inda mabiyansu suke, domin dubu ɗari da ke warwatse a duniya ba su kai dubu biyu na garinku amfani ga tela ba.

Littafin da ba ya buƙatar sabis

Duk waɗannan shafuka aro ne. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A shekarar dai aka dakatar da Twitter a Najeriya daga Yuni har zuwa Janairun 2022, kuma a watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro. Ka ajiye littafi mai kauri: sunan kowane abokin ciniki, lambarsa, garinsu, awonsa, abin da ya ɗinka da ranar. Lambobin waya kuma a ajiye su a asusun Google, ba a kan katin layi ko cikin wayar kaɗai ba, hirarrakin WhatsApp su riƙa kwafar kansu duk dare.

A ƙarshen kowane wata ka fitar da lamba huɗu daga littafin: mutum nawa suka tambaya, nawa suka biya, nawa ne tsofaffi da suka dawo, aiki nawa ya wuce ranar alkawari. Kowane sabon mutum ka tambaye shi inda ya gan ka, ka rubuta a gefen sunansa. Ƙofar da ta yi wata uku ba ta kawo kowa ba, a rufe ta.

Lamba ta huɗu ita ce mai gaya maka ka rage talla. Kafin azumi ya kama, ka lissafa iyakarka: in kana yanka kaftani shida a yini, kwanakin aiki 26, ka samu 156. Cire kashi ɗaya cikin biyar saboda ɗaukewar wuta, gyara da rashin lafiyar yaro, saura kamar 125. Rubuta lambobin 1 zuwa 125 a littafi, kowace oda ta ɗauki ɗaya. Ranar da suka cika, ka sauya saƙon maraba ya ce an rufe karɓar ɗinkin sallah, za a buɗe ranar kaza bayan sallah, ka dakatar da duk wani talla, ka kuma ba wanda ya makara lambar telan da ka amince da hannunsa.